Jirgin da Bai San Rakiya Ba

A duk 'yan Najeriya, na raye da na kabari, mu uku ne muka taɓa hawa jirgin nan da aka ce zai riƙa ɗaukar mutum daga Kano bayan azahar ya sauke shi Ikko kafin la'asar ta fita. Ɗaya ya rasu, ɗaya tana sama tana barcin rana, na ukun ni ne, Nata'ala. Ban yi boko ba, ko wannan ma ina faɗa ne 'yata Murja na rubutawa. Amma masu digiri sun zo har unguwarmu ta Barking a London sun zauna a falon nan suna tambayata, don su abin da suka sani bai wuce "an yi cancel" ba.

Ni kuku ne na jirgin ƙasa tun gemuna bai fito ba. Na dafa wa Turawa, na dafa wa ministoci, na soya ƙwai jirgi na gudu ban taɓa fasa gwaiduwa ba. Wata damina ruwa ya cinye wata gada a kudu da Kafanchan, jirginmu ya zo bai sani ba. Taragon girki ya juya sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Da aka zo tono, an tarar da ni ƙarƙashin tukwane, raina ɗaya, haƙorana duka, sai wannan tabon na goshi. Tun daga ranar na daina zama cikin tarago mai tafiya. Ba tsoro ba ne. Na dai ga ni da jirgi kowa ya ga iyakar ɗan'uwansa.

Bayan nan na koma girki a gidan Alhaji Zailani, babban ma'aikacin gwamnati, mai gyambon ciki, wanda ba ya cin tuwon kowa sai nawa. Da man fetur ya yi daraja, zamanin da jiragen ruwan siminti suka cika bakin teku a Ikko har aka rasa inda za a sauke, gwamnati ta ce ita ma tana son jirgin ƙasa mai gudun tsiya irin wanda manyan ƙasashe ke ƙerawa. Aka kafa kwamiti, aka ba Alhaji shugabanci, aka kama masa gida a London don ya zauna kusa da kamfanin da zai yi aikin. Ya ce in babu Nata'ala ba ya zuwa. Kun ji yadda na shigo Ingila, da garin kuka da daddawa cike da akwati.

A gidan akwai injiniya, Katung, mutumin Kagoro, dogo siriri, wanda jirgin nan ya shige wa rai. Ko shayi ka ba shi sai ya karkata kofin ya nuna maka yadda tarago zai kwanta a kwana. Yana ce mini Sarkin Tukunya, ina ce masa Injiniya. Sai kuma Baturen kamfanin da muke kira Mai Lofe. Ya yi aikin reluwe a Zariya kafin a ba mu mulki, yana jin Hausa, sai dai mace ce namiji a bakinsa, namiji kuma mace.

To, ga inda zancen yake. A Barking akwai wata bazawara, Zinatu, mijinta direba ne ya rasu ya bar ta da yara biyu a makaranta. Tana ɗinki a flat ɗinta na council, gidan hayar hukuma, takardunta na zama kuma lafiya lau. Na fara kai mata daddawa, daga baya na fara zuwa ko babu daddawa. Bas nake bi, in sauka in canza, in sake sauka in canza, alhali ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, tube na District line, nan har ƙofar gidanta.

"Malam Nata'ala, wai me tube ya yi maka?" in ji ta.

"Ƙarƙashin ƙasa na matattu ne, Hajiya. Ni kuma an gwada kai ni can an kasa."

Ranar da na fito mata da maganar aure, ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba. Ta ce, "Ni ba inda za ni sai yaran nan sun gama karatu. Kai kuwa a aljihun Alhaji kake. Ranar da ya tashi, ka tashi. Na binne miji ɗaya, ba zan raka wani filin jirgi ba. In zamanku ya tabbata, sai mu yi magana."

Zamanmu kuwa a kan jirgin yake. In Alhaji ya ce a saya, ofishin London zai yi shekaru, ana ƙira ana koya wa yaranmu. In ya ce a'a, kowa ya naɗe tabarmarsa. Daga ranar na fi Katung son jirgin nan. Har addu'a nake masa bayan kowace salla.

Aka sa ranar gwaji, cikin sanyin ƙarshen shekara. Alhaji zai hau daga wata 'yar tasha ta kamfanin a arewacin gari, a yi arewa da shi, ya gani da idonsa. Mai Lofe ya zo gida tun ana gobe ya ce, "Alhaji, wannan jirgi, ba ta jira. Lokaci ya yi, ta tafi."

Alhaji ya ce, "To, madalla."

Wa bai taɓa jin wannan maganar ba? Tun muna yara ake cewa jirgi ba ya jira, kuma da idona na ga jirgi ya jira wani hakimi ya gama alwala a Madobi.

Ku 'yan yanzu ba ku san rakiyar jirgi ba. A gida, in mutum zai yi tafiya, ba a ƙofar tasha ake rabuwa da shi ba. Ana shiga da shi har cikin tarago, a ɗora masa kaya, a karkaɗe masa kujera, a ba maƙwabcin zamansa amanarsa, a yi addu'a. Gadi ya busa usur, ba wanda zai motsa. Ya sake busawa, a fara sallama. Sai jirgi ya ja ƙafa a hankali, sannan 'yan rakiya su riƙa dirowa ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaga hannu. Kuma babban mutum ba ya bari dattijon da ya rako shi ya sauka shi kaɗai. Wannan ko yaro ya sani.

Da safe tashar nan ta cika da mu. Ɗalibai da matansu, ma'aikatan ofishi, da Malam Jalo, tsohon matuƙin jirgin ruwa da ke ja mana salla, gwiwarsa ɗaya ta ƙi lanƙwasuwa. Zinatu ta zo da dambun nama da fulas na shayi, don matan sun haɗu sun yi wa Alhaji guzuri. Ni kuma ina rungume da samira, tuwon shinkafa da miyar kuka, na ɗaure da ƙyalle.

Jirgin fari ne fat, hancinsa kamar na kifi, babu hayaƙi, babu ƙara. Na tsaya a bakin ƙofa na yi lissafi: tarago mai tafiya na daina zama a ciki, wannan kuwa a tsaye yake. Na ce bismillahi na shiga. Duk muka duru ciki. Turawan kamfani da fararen riguna suna kallonmu, suna kallon agogo.

Malam Jalo ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ya roƙa wa Alhaji, ya roƙa wa direba, ya roƙa wa ƙarfen da aka shimfiɗa. Wata murya ta yi magana daga rufi da Turanci, ɗalibai suka shafa tun kafin a kai fatiha, suka ja matansu suka sulale. Ni na ɗauka usur na farko ne. Na wuce ƙurya ina neman inda samira za ta zauna ba ta zame ba, Zinatu na biye da ni da fulas.

Ta taga na hango Alhaji ya riƙe hannun Malam Jalo ya sauko da shi, yana taka masa a hankali zuwa benci. Katung ya leƙa ƙofa yana ihu, "Ranka ya daɗe! Ƙofa! Ranka ya daɗe, dawo!"

Alhaji ko juyowa bai yi sosai ba. Ya ɗaga hannu ɗaya ya ce, "Haba Injiniya. Don wa aka kunna jirgin?"

Sai na ji tsss, kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Ƙofofi suka haɗe da kansu, ba hannun kowa. Benci ya fara tafiya baya, da Malam Jalo a kansa, da Alhaji a tsaye da babbar riga, bakinsa a buɗe.

Katung ya kama Mai Lofe yana roƙo. Mai Lofe ya ce ba dama, ɗan lokaci kaɗan aka ba su a kan babban layi, akwai jirgin fasinja a bayanmu, in muka tsaya sai wani watan. Ya zare lofe daga baki ya dube ni da Zinatu ya ce, "Ku zauna. Ki riƙe tukunya, Malam."

Muka zauna. Na ɗora samira a cinya.

Jama'a, na san gudu. Na yi shekaru a kan ƙarfe. Amma wannan ba gudu ba ne, wani abu ne da ba a sa masa suna ba tukuna. Gidajen London suka zama jan zare, gonaki suka zama koren zare. Da muka zo kwana ta farko, taragon ya kwanta gefe guda, sama ta sauko taga, ƙasa ta gudu. Irin kwanciyar nan na san ta, na san abin da ya biyo bayanta a wancan karon. Zinatu ta ce "Innalillahi!" ta cafke wuyan hannuna, a gaban Katung, a gaban Turawa.

Namiji ba ya barin mace cikin firgici. Na buɗe baki na fara.

"Hajiya, ba komai, yanzu muka bar Kano. Ga Challawa nan, kin gan ta? Ta wuce. Ga Madobi, masu fura na ɗaga ƙwarya. Ga Dangora. Yanzu za mu shiga Zariya, ki shirya, raken Zariya sai an sa haƙori biyu."

"Nata'ala, mutuwa za mu yi."

"Wa zai mutu bai ci doyar Minna ba? Ga Kaduna, a nan ake canza direba, wani gajere mai suna Bot, ya fi kowa iya birki. Ki rufe ido. Me kike ji? Ƙanshin kifin Jabba ke nan, an baɗe shi da yaji."

Haka na yi ta yi. Duk kwanar da jirgi ya kwanta sai in ƙara murya. Na sayar mata da dankalin Offa, na yi ciniki da matan Ibadan da Yarabancina na tasha, har wani Bature mai farar riga da ya fita da sauri riƙe da baki ya dawo ya zauna kusa da mu yana saurare, ko kalma bai ji ba. Katung na can gaban wani allo mai allura, yana dariya hawaye na zuba, yana cewa, "Sarkin Tukunya, dubi! Dubi inda ta kai! Wayyo, da Alhaji na nan!" Ban duba ba. Ina da aiki a hannuna.

Ina shiga Abekuta jirgi ya fara sassautawa. Ya tsaya a wani fili mai rumfunan ƙarfe, can arewa, iska kamar wuƙa. Na kwance ƙyalle na buɗe samira. Ko ɗigo bai taɓa murfi ba, kuma tuwon da zafinsa. Zinatu ta dubi tuwon ta ce, "Mai shi dai ba ya nan." Muka zauna a ɗakin shan shayin ma'aikata, mu da Katung da Mai Lofe, muka cinye abincin Alhaji tas. Mai Lofe ya ce rabonsa da kuka tun Zariya.

Da aka zo komawa na ce ni na gama gwajina, a nemo mota. Aka sa mu a motar kamfani. Tafiyar da jirgi ya yi kafin tuwo ya huce, mota ta yini tana yi. A hanya Katung ya matso ya ce, "Sarkin Tukunya, ni in na yi magana zai ce son kai ne. Kai yake ji. Don Allah ka yabi jirgin nan."

Na ce, "Injiniya, ka kwantar da hankalinka. Yabo ai gidana ne."

Mun iso bayan magariba. Alhaji na zaune a falo, bai cire hular safe ba. Ashe bayan tafiyarmu sai da ya tsaya a gaban ɗaliban nan duka yana jiran jirgi ya dawo da baya, har wani yaro marar kunya ya tambaye shi ko a kira masa tasi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Manyan baƙin kamfani. Yaya jirgin naku?"

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa yin irinsa ba. Kibiya in ta gan shi sai ta koma kwari. Ba ka ganin gari, ba ka ganin mutum. In direba ya taka birki a Zariya, sai Kaduna zai tsaya."

Katung ya yi tari. Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake.

Alhaji ya ce, "In garken shanu ya hau layi a Dangora fa?"

"Ranka ya daɗe, shanun ba za su ma san abin da ya faru ba."

"Ƙananan tashoshi?"

"Ina! Wannan ba ya kallon ƙaramar tasha. Ba ya jiran kowa, ko wane ne shi, ko ɗan wane ne. Ai ka gani da idonka."

Katung ya dafe kai da hannu biyu, ya fara bayanin shinge da gadoji da ƙararrawa, yana haɗa Hausa da Turanci. Alhaji ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Na ji, Injiniya. Jirgin da ya bar shugaban kwamitinsa a kan dandamali, shi zai jira tsohuwa mai ƙullin kaya da jikoki? Ku je ku kwanta." Ya juyo gare ni. "Ina samirata?"

Na miƙa masa. Ya buɗe, ya rufe.

Masu ilimi sun ce ba wannan ne ya kashe jirgin ba. Sun ce gwamnati ta canza, an koma gina tituna, kowa na son Fijo, kamfanin ma daga baya ya rufe. Wataƙila. Ni dai na san kafin wata ya mutu aka ce mu haɗa kaya. Katung ya yi kwanaki ba ya cin abincina. Daga baya ya huce, ya koma gida ya yi ta gyaran tsofaffin injuna a Kafanchan har ya tsufa, kuma duk wanda zai zo London sai ya aiko shi da citta, a ba Sarkin Tukunya, wanda ya tsayar da jirgi da baki. Ku nuna mini wani da aka taɓa yi wa wannan kirarin.

Amma a lokacin ba kirari ne a gabana ba. Na sa kwat ɗina na gwanjo na tafi Barking yin sallama. Na tarar yara sun tafi makaranta, tana yanka wani yadi a kan tebur.

"Hajiya, an yi cancel. Bayan sati za mu tashi. Na zo in ce ki yafe ni."

Ba ta daina yanka ba. "Na ji labari. An ce kai ka yaba shi har ya mutu."

"Gaskiya na faɗa."

"Ai kullum ita kake faɗa, da ƙari." Ta ajiye almakashi. "Ranar nan, ka san hannunka kamar ƙanƙara yake? Har cikin ƙashina nake jin sanyinsa."

"Sanyin Ingila ne."

"Gumi kuma na zuba daga tabon nan naka."

"Tururin tuwo ne."

"To." Ta yi murmushi. "Tun daga Challawa har Abekuta bakinka bai tsaya ba, kuma ba don kanka ba. Marigayi mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma da shi ne da sai dai mu yi ta salati tare har mu suma." Ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta. "Miƙe. Buɗe hannu."

"Me za a yi?"

"Wannan kwat ɗin ba zai kai ka wani hunturun ba. Kafaɗa ta mutu."

"Hajiya, a Kano wa ke sa kwat?"

"Wa ya ce maka Kano? Ɗaga haɓa." Ta zagaya bayana tana gwadawa. "Na yi tambaya. In an ɗaura, sai mu je ofishin shige da fice na Croydon tare da takarduna, su buga maka hatimi. Akwai garejin bas a nan kusa, kukunsu ya bar aiki, na gaya wa matar manajan na san wani mai surutu amma ya iya miya. Ka je ka sami Malam Jalo yau, kafin in sake tunani."

Na tsaya hannuwa a buɗe kamar shaho.

"Kuma sai ka nemi wanda zai karɓa maka aure," in ji ta.

"Alhaji ne ubangidana. Amma ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa."

"Ka yi masa tuwo tukuna. In ya ci rabi, sannan ka faɗa."

Haka na yi. Ya ci rabi, na faɗa, ya ajiye loma ya dube ni. Ya ce, "Wato ni in koma Kano da gyambona, kai ka zauna nan da amarya." Na ce haka Allah ya tsara, ranka ya daɗe. Ya ce to sai na koya wa direbansa kaɗa miya kafin ranar tashi, in ba haka ba babu inda zai je. Na koya masa, bai iya ba, amma Alhaji ya zo. Ranar Juma'a aka ɗaura, a ɗakin Malam Jalo, Katung na tsaye a bakin ƙofa da goro a hannu yana rabawa.